Kafin Iska Ta Yaye Maka Kwano: Gargaɗin NiMet Da Nauyin Da Ke Kan Mai Babbar Waya

'Yan'uwa mabiya wannan shafi, musamman mutanen Danja, Dabai, Tandama, Kahutu, Tsangamawa, Jiba da Yakaji, da maƙwabta na Bakori, Ƙafur, Funtuwa da Malumfashi.

Yau za mu ɗan ajiye maganar rage shan data da dawo da hoton da ya goge. Bazara ta yi nisa, zafi ya kai maƙura, da dare kuma an fara hango walƙiya can ƙasan gabas. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai. Iska ce ke shigo masa gaba, ta tayar da ƙura, ta yaye kwano, ta karya reshe, ta kwantar da turakun wuta, tun kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa.

Ra'ayina a kan wannan magana ɗaya ne, kuma a kansa zan tsaya. Gargaɗin iska yana fitowa daga hukuma, amma yana mutuwa a hanya kafin ya iso ƙofar gidan mai buƙatarsa. Wanda kuma ya fi kowa damar ƙarasa da shi, kai ne mai babbar waya a aljihu. In ka iya bin ƙwallon Turai minti bayan minti, to wallahi ka iya bin hadari.

DAGA INA ISKAR NAN TAKE FITOWA?

Ka fara fahimtar abin, sai hasashen ya yi maka ma'ana. Iska iri biyu ke musayar wuri a ƙasarmu: mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke fitowa daga hamada. Layin da suke haɗuwa yana hawowa arewa a hankali, yakan iso wajenmu tsakanin Afrilu da Mayu. A lokacin ƙasa ta gasu. Iska mai zafi da laima ta yi sama, ta zama hadarin nan mai tsayi kamar hasumiya, wanda kansa kan wuce kilomita 12.

Da ruwa ya fara zuba daga cikinsa, sai ya ratso ta busasshiyar iska, wani sashe ya bushe a hanya, iskar wurin ta yi sanyi ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu. Sanyin nan da kake ji kwatsam tare da jar ƙura kafin ruwa, shi ne wannan. Shi ya sa farkon damina da ƙarshenta suka fi tsakiyarta iska.

Abu na biyu: hadarin yankinmu yakan jeru a layi, wani lokaci tsawon ɗaruruwan kilomita, ya riƙa tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun kusan kilomita 50 zuwa 60 a awa. Iyayenmu da ke kallon gabas idan ana maganar hadari sun yi daidai da abin da tauraron ɗan'adam ke nunawa yau.

Abu na uku: ƙarfin bugun iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Kuma iska ɗaga rufi take yi sama. Ta sami fallen kwano ɗaya da ƙusarsa ta saki, ta shiga ƙarƙashi, ta kwashe sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba tatsuniya ba ce. A watan Yunin 2018, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah, iska ta auka wa garin Bauchi, aka rasa rayuka, mutane da dama suka ji rauni, gidaje masu yawa suka kwana ba rufi. Wata guda bayan nan, a Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya ci rayuka fiye da 40 a Jibiya, cikin jiharmu.

ME HUKUMA TAKE FITARWA?

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana fitar da abu biyu da suka shafe ka kai tsaye. Na farko hasashen shekara, wanda take gabatarwa a farkon kowace shekara, yana nuna lokacin da ake sa ran damina za ta sauka, lokacin da za ta ɗauke, yawan ruwa da inda ake tsoron fari a tsakiya. Na biyu hasashen kwana uku, wanda ke lissafa jihohin da ake sa ran hadari da tsawa, da safe ne ko da yamma, kuma sau da yawa yakan ja kunne cewa iska mai ƙarfi na iya riga ruwan isowa. Wannan jimla ita ce za ka riƙa nema.

Sai dai ga matsalar. Hasashen kullum yawanci da Turanci yake fitowa, kuma sunan jiha yake ambata. Jihar Katsina ƙananan hukumomi 34 ce, daga Mai'aduwa a bakin iyakar Nijar har zuwa Sabuwa da Danja a bakin iyakar Kaduna. Tsakanin Danja da birnin Katsina ya haura kilomita 150, amma tsakanin Danja da Zariya bai kai 50 ba. Saboda haka in kana Danja, kada ka tsaya neman sunan Katsina kawai. In ka ga an ambaci Kaduna ko Kano a jerin, kai ma ka buɗe ido, domin samanmu ya fi kusa da na Zariya.

"AI ƘARYA SUKE YI"

Na san wani zai ce sau nawa aka ce za a yi ruwa, rana ta ƙwalle har magariba. Gaskiya ne hakan na faruwa, kuma da dalili. Hadarin ƙasashen zafi irin namu yana da wuyar kamawa: zai iya jiƙa Dabai sharkaf, Danja ko yayyafi babu. Ga kuma ƙarancin tashoshin auna yanayi a Afirka, wanda ya fi na kowace nahiya muni. Babu na'urar da za ta ce maka gobe ƙarfe biyar da kwata iska za ta bi ta layinku.

Amma ka lura da abin da ake nufi. In wayarka ta ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100, ma'anarsa a cikin kwana goma masu irin wannan yanayi, ana samun ruwa a shida, huɗu ba a samu. In yau ta faɗo cikin huɗun, ba a yi maka ƙarya ba.

Sannan ka auna asarar ɓangarorin biyu. Ka shirya iska ba ta zo ba: ka yi asarar rabin awa wajen kwashe shanya da ɗaure akuya. Ba ka shirya ba ta zo: je kasuwar Funtuwa ka tambayi farashin bandir ɗin kwano yau, ka kwatanta da kuɗin ƙusa kilo ɗaya da ladan kafinta na wuni guda.

Wani kuma zai ce sanin gaibu sai Allah. Haka ne, babu musu. Amma tsohuwar da ta ga gabas ta yi baƙi ta ce a kwashe kauɗar tumatir daga shanya, ba wanda ya taɓa kiranta boka. Alama ta gani ta yi aiki da ita. Ma'aikacin NiMet shi ma alama yake karantawa, sai dai idonsa yana can sama a kan tauraron ɗan'adam, yana hango hadarin tun yana nesa da mu. Ruwa da iska na Allah ne, Shi ke saukar da su inda Ya so. Riƙo da sababi kuwa addini bai hana ba, kuma kowa ya san tanadin da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya sa aka yi kafin shekarun yunwa.

YADDA ZA KA SAITA WAYARKA

1. Bi NiMet da kanka. Shafinsu na intanet shi ne nimet.gov.ng, kuma suna Facebook da X. Daga shafin nasu ka bi hanyar da za ta kai ka asusunsu na gaskiya, don akwai masu kwaikwayo. Ka kunna ƙararrawar sanarwa, duk abin da suka saka ya faɗo maka.

2. Duba garin da manhajar yanayin wayarka take nunawa. Wayoyi da yawa Legas ko Abuja suke nunawa, mai wayar kuma yana Kahutu yana zagin hasashe. Kunna alamar wuri, ko ka rubuta Danja da hannunka ka ajiye.

3. Sauke Windy ko Zoom Earth daga Play Store, kyauta ne. Abin da ya fi amfani a cikinsu hoton tauraron ɗan'adam ne, inda aka rubuta Satellite. Hasashe zato ne na abin da zai faru, shi kuwa hoton nan gajimaren da ke sama a yanzu yake nuna maka, ana sabunta shi duk bayan 'yan mintuna. Danna alamar kunnawa ka kalli motsin awannin da suka wuce. In ka ga dunƙulen gajimare mai kauri a gabas da mu, wajen Ikara ko Tudun Wada ko daga tsaunukan Jos, yana girma yana matsowa hagu a fuskar wayar, to ka fara shiri. Dubawa biyu ta isa: bayan azahar da bayan magariba. Yana ɗan cin data, kada ka bar shi a buɗe.

4. Ka yi amfani da 'yan'uwanka na gabas. Makarfi tana gabas da Danja, Rogo ta gabas maso arewa, Kudan ta gabas maso kudu. In iska ta taso a Makarfi, sau da yawa kana da rabin awa ko fiye kafin ta iso ka. Ku buɗe zauren WhatsApp na mutum goma ko ashirin daga waɗannan garuruwa, dokarsa ɗaya: babu siyasa, babu talla, babu barka da Juma'a, sai rahoton sama. "Iska ta iso Makarfi ƙarfe 5:10, da ƙarfi." Shi ke nan. Ku kuma mutanen Danja, in ta iso ku, ku sanar da Bakori da Funtuwa da Ɗandume. Wani hadarin yakan mutu a hanya, wani kuma a kanka yake haɗuwa, amma mafi yawan manyan tafiya suke yi, kuma saƙo ya fi su gudu.

5. Caji. Ranar da aka ce akwai hadari, ka cika waya da fawa bank tun da rana, don in turaku suka faɗi, wuta na iya yin kwanaki. Kunna tsarin tattalin batir. In data ta ƙi, gajeren saƙon tes yakan wuce ko da sabis ya yi rauni. Wayoyi da yawa suna da rediyon FM da ba ya buƙatar data, abin sauraren kunne kawai za ka maƙala ya zama eriya. Ka kuma ajiye 112, lambar gaggawa ta ƙasa, kyauta ake kiranta.

KADA KA ZAMA ƊAN AIKEN ƘARYA

Duk shekara sai an yaɗa saƙon murya: wai wata guguwa ta taso daga teku za ta shafe Arewa yau da dare, a tura wa kowa. Ko a ɗauko bidiyon mahaukaciyar guguwar Amurka a ɗora masa muryar Hausa. Guguwar teku ba ta zuwa Danja, ɗan'uwa. Tsakaninmu da teku ɗaruruwan kilomita ne. Hasali ma abin akasin haka yake: hadarin da ke ratsa yankinmu ya yi yamma, wani daga cikinsa ne ke faɗawa tekun Atlantika ya zama guguwar da ke addabar Amurka.

Ka tuna daren ruwan gishiri a Agustan 2014, lokacin Ebola. Saƙo ɗaya marar tushe ya tayar da ƙasa baki ɗaya da tsakar dare, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Kafin ka tura gargaɗi, tambayi abu uku: wa ya fitar, yaushe, kuma wane wuri ake nufi? In babu amsar ukun, ko ka ga alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sakawa a saƙon da aka yi ta turawa, dakata ka duba shafin NiMet. In hoto ne, saka shi a Google Lens, sau da yawa za ka tarar na wata ƙasa ne ko na shekarun baya.

Illar ƙaryar ba ta tsaya a tsoron dare ɗaya ba. Wanda ka tsorata sau uku a banza, ranar da ka zo da gaskiya ba zai tashi daga tabarma ba. Don haka ko gargaɗin gaskiya kada ka mai da shi na kullum. Ka ware shi ga ranar da NiMet ta ambaci iska mai ƙarfi, ko ka ga hadarin da idonka a hoto, ko na gabas suka kira.

IDAN GARGAƊI YA ZO

Tun yanzu, kafin ranar: hau ka duba kwano, ka sake ƙusa inda ta saki. Masu rufin ƙasa a yi yaɓe, a gyara indararo. A sare busassun rassan dalbejiya da turare da ke kan ɗaki. A ƙara ɗaure farantan sola, kwandon dish da tankin ruwa. Duwatsu da tayoyin da ake jibgawa a kan kwano, in iska ta fi ƙarfinsu, kan mutane suke faɗowa.

Awa ɗaya kafin ta iso: a kwashe shanya, a rufe buhunan taki da iri, a shigar da dabbobi, a kashe wutar murhu don iska na ɗaukar garwashi zuwa danga. A rufe ƙofa da taga. Masu kwana a tsakar gida saboda zafi su nisanci katangar da ta tsage.

Yara su ne babbar damuwata. Lokacin iskar nan shi ne lokacin mangwaro, kuma da ta kaɗa, gindin bishiya suke rugawa tsintar wanda ya zubo, daidai wurin da reshe ke karyewa kuma tsawa ke faɗawa. Ku hana su. Malaman Islamiyya da na allo, in hadari ya riga ya haɗo, gara a riƙe yara a ɗaki mai ƙarfi har ya wuce da a sallame su su haɗu da shi a hanya. Ɗan acaɓa, ka sauka ka shiga gini. Kada ka fake a gindin bishiya, ko ƙarƙashin allon talla, ko rumfar kwano ta kasuwa.

Maganar tsawa: in ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce. In ba ka kai talatin ba, tana iya kai maka, ka shiga ciki, kuma ka jira rabin awa bayan ƙarar ƙarshe kafin ka koma gona. Ita waya da kanta ba ta janyo tsawa, wannan camfi ne. Haɗarin yana ga wayar lantarki, don ta cikinta tsawa ke bi ta shigo gida. Zare caja daga bango, cire talabijin, dikoda da firji, har igiyar eriya.

Bayan ta lafa: duk wayar lantarkin da ka gani a ƙasa, ka ɗauka da wuta a jikinta, ko da unguwa ta yi duhu. Ka tsare wurin, ka sanar da KEDCO. Ka ɗauki hoton ɓarnar gidanku kafin a fara gyara, zai yi amfani in jami'an SEMA ko NEMA sun zo tantancewa.

ABIN DA YA RAGE WA HUKUMA

Ban ɗora komai a kan talaka ba. Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bakin babban sakatarenta António Guterres, ta sa buri a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya ya kasance gargaɗin bala'i yana isa gare shi. An ƙiyasta cewa gargaɗin awa 24 kacal na iya rage ɓarna da kusan kashi 30 cikin 100.

Fasahar tana nan. A Amurka tun 2012 hukuma na iya tura saƙo ɗaya ga duk wayar da ke ƙarƙashin ƙarfen sabis na wani yanki, wayar ta yi ƙara, ba sai an san lambarka ba. Ingila ta gwada nata a faɗin ƙasa ranar 23 ga Afrilu 2023. Tambayi kanka: wayarka ta taɓa yi maka irin wannan ƙara kafin iska? Kamfanonin da ke iya turo mana tallan waƙar kira sau biyar a wuni ba za su kasa turo layi biyu na Hausa ba. NCC da NiMet da MTN da Airtel da Glo su zauna su daidaita.

Kuma ba sai ƙasa mai kuɗi ba. A 1970 guguwar Bhola ta kashe mutane aƙalla dubu 300 a yankin da yau ake kira Bangladesh. A 2020, da guguwar Amphan ta nufo su, sun kwashe mutum fiye da miliyan biyu kafin ta iso, waɗanda suka rasu 'yan gomomi ne. Babban makaminsu dubban 'yan sa-kai ne masu yawo ƙauye-ƙauye da lasifika. Mu ma muna da namu: lasifikar masallaci, mai shela, mai unguwa, dagaci, malaman gona na KTARDA. Ƙaramar hukuma ta ware mutum ɗaya da aikinsa a damina shi ne ya karanta hasashen NiMet, ya mayar da shi saƙon murya na Hausa na minti ɗaya, ya tura wa waɗannan. Kuɗin wannan bai kai na motar kayan agaji ɗaya da ake kawowa bayan an yi ɓarna ba. A kuma duba rufin makarantun firamare tun kafin ruwa, don su ne iska ke fara yayewa.

Kafin su yi, kai ka fara. A gidanku akwai mahaifiya mai ƙaramar waya, akwai kawu da ke gona tun safe, akwai maƙwabcin da ba ya karanta boko. Su ba za su shiga shafin NiMet ba. Ka karanta, ka tantance, ka kira su ka faɗa musu da Hausa a taƙaice: ana sa ran hadari da iska yau da yamma, a kwashe kaya, a tsare yara.

Ku tura wannan rubutu ga 'yan'uwa, musamman na garuruwan gabas, a haɗa zauren tun yau. Wanda ya maƙale wajen saita Windy ya ajiye tambayarsa a ƙasa, za mu amsa in sha Allahu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin iska da tsawa. Amin.